Maƙeran Bindiga Biyu da Gadajen Alhazai

Kwana biyu na yi a filin jirgin Jidda ina jiran mutumin da aka ce zai tarye ni. A Kano aka ba ni lambarsa, aka ce da na sauka in kira, zai zo da mota ya kai ni Makka, washegari in fara walda a aikin faɗaɗa Harami. Na yi ta kira har cajin wayata ya ƙare. Na nemi wuri kusa da famfon ruwan sha na zauna a kan jakata, ina kallon masu Umara suna fitowa rukuni-rukuni, kowane rukuni da mai ɗaga musu allo. Ni ko kallona ba wanda ya yi. Da rana ta biyu ta yi tsaka na fara magana ni kaɗai, ina tsine wa wanda ya karɓi kuɗin gonata, ashe muryata ta fito fili.

"Kai, wa kaka zagi haka cikin ƙasa mai tsarki?"

Na ɗaga kai na ga wani dogon mutum, siriri, da makullin mota a hannu. Agali ke nan, Buzun Tawa, direban babbar mota. Ya rako wani ne da zai koma gida. Na zayyana masa komai, ya karɓi fasfona ya jujjuya, ya yi ɗan tsaki.

"Ba Harami za ka ba, ɗan'uwa. Biza aka sai da maka, ba aiki ba. Mi ne sana'arka?"

Na ce masa ni maƙeri ne. Sai ya kwashe da dariya har da dafa gwiwa. Ya ce yau Allah Ya haɗa shi da bawansa, in ɗauko jaka in biyo ubangidana. Kowa ya san tsakanin Buzu da maƙeri ba a rabuwa da tsokana, amma a ranar ko murmushi ban iya mayar masa ba. Na bi shi kawai.

Gidanmu a Rano gidan ƙira ne tun kaka da kakanni, kuma abin da aka san mu da shi bindigar toka. Baba yakan yi wata guda a kan bindiga ɗaya. Maharbi zai zo, a auna tsawon hannunsa, a duba yadda yake kwantar da kumatu a ƙota, sannan a fara. Kowane ƙarfe sai an goge shi da magagari har ya zauna a jikin ɗan'uwansa, ba motsi, ba ƙara. Baba ya san mai kowace bindiga da ta fita daga maƙerarmu, har da wanda ya gaje ta. To, sai zamani ya juya. Fashi ya yawaita a dazuzzuka, duk wanda aka ga bututu a gaban zugazuginsa sai an zo masa da tambayoyi. Baba ya ce an daina, aka koma fartanya da lauje. Mu biyar ne maza a gidan, kowa da iyali, fartanya kuwa ba ta ciyar da gida biyar. Abin da ya fito da ni ke nan.

Agali ya sauke ni a Nakkasa, wata unguwar baƙi a kan duwatsun Makka, tun kafin a rushe ta. Mota ba ta hawa, sai da ƙafa, matakala bayan matakala, tsakanin gidajen da aka jingina wa dutse. Mu shida ne a ɗaki. Ruwa a jarka muke hawa da shi, in ka kai sama sai ka sha rabin abin da ka ɗauko. Daga bakin ƙofarmu ana hango doguwar hasumiyar agogo da injinan ɗaga kaya sun kewaye ta. Kullum sai na tsaya na kalle su, domin can na gaya wa mutanen gida zan yi aiki.

Wata shida na yi a haka. Iƙama, wato takardar zama, ta fito ta hannun wani ɗan tsakani da sunan kafili, wato ubangidan da ya tsaya min a takarda, wanda ban taɓa gani ba. Na yi dako a kasuwar kayan miya, na tura keken tsofaffi, na wanke tukwane a wani gidan tuwo a unguwar Mansur. Mai tuwon da nake wa wankin ta ji bakina ta ce mahaifiyarta 'yar Kibiya ce, tun daga ranar take tsoma min nama a ƙasan miya inda sauran ba za su gani ba. Ban taɓa yi mata godiya a fili ba, don na san ba ta so a sani. In na kira gida, matata Hadiza ta tambayi aiki, sai in ce ana nan ana fama. Ba ƙarya na yi ba, amma kunya nake ji har cikin ƙashina.

Da iƙamar ta saura wata huɗu, ɗan tsakanin ya aiko cewa kafili ba zai sabunta ba. Ko in sami wanda zai karɓe ni, ko in tattara. Agali ya ce in shirya, zai kai ni wajen maigidansa.

Warshar maigidan, wato wurin aikin ƙarfensa, tana bayan gari, wata doguwar rumfa ta kwano mai zafi kamar tanderu. Gadajen ƙarfe masu hawa biyu ake yi, irin waɗanda ake jerawa a masaukan alhazai. Mai wurin, Abu Anas, haifaffen Makka ne, kakansa ne ya zo daga Katsina a ƙafa. Hausarsa ta gida ce, rabi Larabci, kuma ba ya zama in yana magana.

"Shuf, ya Ishaƙ," ya ce da ni, haka yake kiran sunana, Isiyaku. "Ni ba ni da lokaci. Akwai shugul mai yawa kafin Hajji. Ka yi aiki, in Usta ya ce kai kuwayyis ne, in ɗauko kafalarka. In ya ce a'a, halas, ka koma balad. Mun gama?"

Na ce mun gama. Duk zamana a ƙasar ya rataya a bakin mutum ɗaya, ban ma gan shi ba tukuna.

Usta Hilmi Bamisire ne, shugaban ma'aikata. Ya haura sittin, gajere, da tabarau ɗaure da zare, yatsunsa biyu na hagu sun lanƙwashe. Bai tambaye ni komai ba. Ya kamo hannuna ya juya tafin, ya shafa kantar da ke gindin babban yatsa, ya dube ni ta saman tabarau. Ya kai ni wani teburi ya nuna min aikina. Kowane gado yana da ƙafafu huɗu da sanduna. A ƙarshen kowace sanda akwai ɗan kunnen ƙarfe da ke shiga aljihu a jikin ƙafa. Ni zan sa sanda a ƙalib, wato ma'aunin da ke riƙe ta daidai, in ɗora kunne, in yi walda, in ajiye, in ɗauko wata. Shi ke nan. Wani ne ke yankan sanda, wani ke buga kunne a inji, wani ke yin ƙafa, ba ruwan kowa da kowa.

A sati na biyu, lokacin hutun azahar, muna cin wake da gurasa a inuwar motar Agali, Usta ya zo ya tsuguna. Ya yi magana, Agali ya fassara, domin Larabcina a lokacin bai wuce na gaisuwa da cefane ba.

"Ya ce wagga kanta taka ta magagari ce, ba ta walda ba. Ya ce mi kaka ƙerawa gida?"

Na ce fartanya. Usta ya girgiza kai yana murmushi, ya miƙe ɗan yatsa ya lanƙwasa shi kamar mai jan kunama. Na waiga ko wani ya gani. A ƙasar mutane, da takarda mai ƙarewa, wa zai so a haɗa sunansa da bindiga? Amma tsohon ya buga ƙirjinsa ya ce, "Ana kaman." Shi ma haka.

Tun daga ranar muka samu abin hira. Yana da shekara goma sha bakwai, ƙasarsu tana yaƙi, aka ɗauke shi aiki a masana'antar soja. Ƙaramar bindiga suke yi, irin wadda soja ke ratayawa a wuya, in ya danne kunama ta yi ta aman wuta har gidan harsashin ya ƙare. Wata rana ya ɗauko alli ya zana min ita a kan teburin ƙarfe. Na duba, na ga bututu, da sifirin a ciki, da ƙota ta lanƙwasasshen ƙarfe, da wani dogon akwati a ƙasa.

"Ka gaya masa," na ce da Agali, "wannan ba bindiga ba ce. Indararo ne aka sa wa kunama."

Usta ya yi dariya har da tari. Ya ce na faɗi gaskiya, mummuna ce, su ma sojojin ba su taɓa cewa tana da kyau ba. Ya ce dabarar daga Turawa ta fito, a babban yaƙinsu, lokacin da aka wayi gari sojoji sun fi bindigogi yawa, ƙwararrun maƙera kuma duk an kwashe su zuwa fagen fama. Masu zanen ba su tambayi kansu yadda za ta yi kyau ba. Tambayarsu ita ce wa zai ƙera ta. Mata ne suka rage, da tsofaffi, da masu gyaran keke. Sai aka zana bindigar da wanda bai taɓa riƙe magagari ba zai iya yin yankinsa a cikinta. Fallen ƙarfe ne inji zai danna sau ɗaya ya fito da siffa. Wannan rumfa ta yi kunama, waccan ta yi ƙota, wata a wani gari ta yi bututu, a zuba a kwanduna a kai wuri ɗaya a harhaɗa. Su ma a ƙasarsu wannan tunanin suka ɗauka.

Ya ɗauko gwangwanin ƙusoshi ya girgiza a kunnena. Ya ce haka take ƙara, kuma da gangan aka bar ta sako-sako, don yashi ya sami hanyar fita, don kuma kowane gidan harsashi ya shiga kowace bindiga. Na tambaye shi ko ya san masu bindigoginsa. Ya ce shi bai taɓa yin bindiga ba, baki kawai yake yi, wurin da gidan harsashi ke shiga, daga safe har yamma, shekara shida. Na ba shi labarin Baba da yadda ake auna hannun maharbi. Ya saurara, ya ce in sake faɗa, Agali ya sake fassarawa yana mita.

Maganar sako-sako kuwa da kunne kawai na ji ta. Domin abin da ke damuna a teburina shi ne wannan ɗin. In na sa kunne a aljihun ƙafa sai in ji yana rawa. Ba sosai ba, kamar kaurin farce. Amma ni a gidanmu in ka miƙa wa Baba abu yana rawa, ba zai ce komai ba, zai ajiye maka shi a gabanka ya tashi, wannan kuwa ya fi mari. Na riƙa tuna tsoho ɗan shekara saba'in da ya tara kuɗin Hajji duk rayuwarsa, ya hau gadon sama, gado yana ƙiƙi-ƙiƙi da shi. Ga kuma son a yaba. Na ce a raina in Usta ya ga gadon da ba ya motsi, zai san ya samu maƙeri, ba leburan walda ba.

Na zo da magagarina daga gida, yana cikin jakata. Sai na fara zuwa warsha daga sallar asuba, kafin kowa. In ɗebo ƙafafu huɗu daga tarin da aka gama, in gwada kowane kunne a aljihunsa, in ɗan buga da guduma, in ƙara ɗigon walda, in goge, har sai ya shiga da ƙyar ya zauna daram. Sannan in yi abin da kowane maƙeri ke yi in ya aura wa ƙarfe ɗan'uwansa: in sa kurfi in buga shaida a jikin duka biyun, zane da ɗigo, kowane gado da tasa. In ɗaure gadon da waya, kayansa wuri ɗaya, in jingina. Na daina hutun rana. Na rame, idona ya faɗa, amma ban taɓa jin daɗin ƙasar ba sai a waɗannan makonni ukun.

Abin da ban sani ba, ban kuma tambaya ba, shi ne yadda kaya ke fita. Ranar da aka zo kwasa an aike ni asibiti gwajin jini na takardu. Masu fenti suka kwance wayoyina, suka zuba ƙafafu cikin ƙafafu, sanduna cikin sanduna, nawa da na sauran, aka fesa musu fenti ruwan toka. Agali ya loda ya raba su gidajen alhazai uku a unguwar Aziziyya. Saura kwana goma sha biyu alhazan farko su sauka.

Washegari da hantsi na ji motarsa ta tsaya da ƙarfi. Ya shigo ba tsokana a bakinsa.

"Maƙeri, mi ka yi ma sandunan ga? Masu haɗi sun ce ba su shiga. Sun buga da guduma har aljihu ya tsage."

Abu Anas ya iso bayansa, waya a kunne, yana ba wani haƙuri da Larabci. Ya kashe, ya ɗauko sanda ɗaya ya gwada a ƙafa, ta ƙi. Ya gwada a wata, ta ƙi. Ya jefar da ita ta yi ƙara a siminti.

"Min? Wa ya yi wannan?"

Na ce ni ne. Na fara bayani, cewa gyara na yi, cewa rawa suke yi. Ya dube ni kamar na yi magana da wani yare.

"Gyara? Ya ahi, wa ya ce ka gyara? Ni na kawo ka don Hausa, don kakana, ka zo ka kashe min suna a wajen mutane? Ɗauki kayanka. Halas."

Ban roƙe shi ba. Na tsaya ina tunanin matakalar Nakkasa, da jirgi, da yadda zan shiga Rano da jakar da na fita da ita. Sai Usta Hilmi ya taso daga inda yake zaune. Ya ɗauki sandar da aka jefar, ya shafa ƙarshenta da yatsa, ya yi wa Abu Anas magana a hankali, doguwa. Na tsinci kalma biyu uku, sauran Agali ya raɗa min.

"Ya ce ya gane ka tun ranar farko. Ya ce kullum shina zuwa da sassafe shi tsaya bayan injin shina kallonka, bai hana ka ba. Ya ce laihi nashi ne, shi ad da sanin yadda kaya ka fita."

Abu Anas ya juya kan tsohon, suka yi ta yi. A ƙarshe Usta ya kamo yatsan Abu Anas ya ɗora a kan sandar. Fenti ya rufe shaidata, ido ba ya gani, amma yatsa yana ji. Abu Anas ya ce kwana huɗu. In gadaje ba su tsaya ba cikin kwana huɗu, mu biyun mu san inda za mu.

Agali ya yi sawu shida ya tattaro komai a farfajiyar gida ɗaya. Muka baje su a rana, ni da Usta, muna bi ɗaya bayan ɗaya da yatsa kamar makafi. Zane biyu ɗigo uku, a nemo ƙafarsa. Zane huɗu ɗigo ɗaya, a ajiye can. Ƙarfe ya ɗauki zafi har sai mun jiƙa tsumma. Fatar yatsuna ta saɓule a rana ta biyu, na koma amfani da na hagu. Tsohon bai zauna ba sai lokacin salla.

A rana ta uku bayan la'asar muka jingina da bango muna shan ruwa. Agali ya tafi kai kaya, ba mai fassara. Usta ya yi magana da ƙaramin Larabci irin wanda ake yi wa baƙo, yana haɗawa da hannu, na kuma gane.

Ya ce a shekararsa ta farko a masana'anta shi ma bai iya jure rawar ba. Ubansa makanikin agogo ne. Sai ya riƙa matse bakin da yake yi, kaɗan, ya gwada da gidan harsashin da ke teburinsa har ya shiga cif. Yana alfahari. Ya yi wata biyu yana haka. Rannan aka dawo da akwatuna daga fagen fama, bindigogi cike da yashi, aka jera ma'aikata, wani hafsa ya ɗauki ɗaya ya ɗauki gidan harsashi na wata, ya tura, ya ƙi shiga. Ya ce musu soja in nasa ya ƙare, na wanda ya faɗi kusa da shi yake ɗauka, kuma ba shi da lokacin guduma. Ba a gano wanda ya yi ba, domin babu shaida a jiki. Usta ya ce ya tsaya a layin nan bai ce uffan ba.

Na tambaye shi ko wani ya mutu saboda haka.

"Ma a'raf," ya ce. Bai sani ba. Ya ce shekara arba'in da ɗoriya yana tambayar kansa, kuma a gaban Ka'aba ma ya tambaya. Ya ce babana ya fi shi sa'a, ko ba komai ya san inda nasa suka tafi.

Na ce to me ya sa bai hana ni ba, shi da ya san ƙarshen abin.

Ya cire tabarau ya goge da gefen riga. Ya ce kullum da niyyar hanawa yake zuwa. Sai ya ji ƙarar magagarin, ya ce bari gobe.

Gadajen sun tsaya ana kiran magariba a rana ta huɗu. Bakwai ne suka lalace, muka yi sababbi. Na hau ɗaya daga cikin nawa na girgiza da dukkan ƙarfina, ko motsi bai yi ba, kuma ba wanda ya kula sai ni. Mai gidan ya ce dai a rubuta lamba da fenti a jikin kowanne, don in an kwance bayan Hajji kada a sake wannan hauka.

Abu Anas bai sake yi min maganar ba har aka sauko daga Arfa, gari ya fara yin sauƙi. Iƙamata saura kwana goma sha tara. Ya kira ni ofis, ga Usta a zaune. Ya ce ba zai riƙe mu duka biyu ba. Shugaban ma'aikatan da zai ga ana ɓarna sati uku ya yi shiru, ya tsufa da aikin, ga shi dama shekarunsa sun sa sabunta takardarsa tana wuya. Ni kuma Usta ya ce ni kuwayyis ne, in dai an raba ni da abu ɗaya. Ya ce gobe in kawo fasfo.

Na buɗe baki zan yi magana, Usta ya ɗaga min hannu. Ya ce yana da jikoki a Mansura, can Masar, da ba su san fuskarsa ba sai a waya. Ko gaskiya ce ta sa ya faɗa, ko don in iya haɗiye abin, har yau ban sani ba. Na dai san shekara ashirin da shida ya yi a wannan rumfa, kuma ban taɓa jin ya ce ya gaji da ita ba. Na fito na zauna a bayan motar Agali. Murna ta zo min, ba zan ɓoye ba, har da hawaye, domin Hadiza da yara sun tsira daga ganina hannu rabbana. Kunya kuma ta zo tare da ita, ta zauna, ba ta tashi ba.

Ranar da zai tafi ya zo warsha da jakarsa, Agali zai kai shi Jidda. Ya gaisa da kowa, ya zo teburina a ƙarshe. Ya ce in yi masa ɗaya ya gani. Na sa sanda a ƙalib, na ɗora kunne, na yi walda. Ya miƙo min ƙafa, na zura. Tana rawa, kamar kaurin farce. Ya sa hannu a aljihun rigar aikina, inda ya san ina ajiye magagarin, ya ciro ya ɗora a kan teburi kusa da hannuna na dama. Ya koma gefe ya harɗe hannu.

Na ji rawar nan tun daga yatsuna har kafaɗa. Bugu biyu da guga uku za su kashe ta, na san daidai inda zan taɓa. Na tsaya iya tsawon numfashi uku ko huɗu. Sannan na zare sandar na jefa ta kan tari, na ɗauko wata.

Usta Hilmi ya gyaɗa kai. Ya dafa kafaɗata, ya yi magana a hankali yadda zan gane ba sai da Agali ba.

"Yanzu ka zama ma'aikaci, ya ibni. Allah Ya yafe min."

Ya ɗauki jakarsa ya fita. Ban raka shi bakin mota ba, saboda mai yanka ya riga ya turo min wasu sandunan, kuma na bayana yana jira.